Iya Gwamma Mai Ɗori da Yaƙin Zandara

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafe ta da duwatsu, ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya halicci ƙashi ya lulluɓe shi da tsoka. Bayan haka, ni ne Tunau ɗan Korau, wanda ƙafa ta yawata da shi, ruwa ya ɗauka, tudu ya sauke. Abin da idona ya gani zan ce na gani, abin da kunnena ya ji zan ce ji na yi. Wanda ya gaskata ya huta, wanda ya yi shakka hanya tana nan, ya je ya gano wa kansa.

Mahaifina maɗori ne, amma ya rasu ban koyi komai a hannunsa ba sai feƙe kara da yagar tsumma. Ina zaune da wannan guntun sani kamar mai riƙe da marfi babu tukunya, sai wasu fatake suka sauka a garinmu. Suka ba da labarin wata mata a ƙasar Zandara, can bayan tekun gishiri, ana ce mata Gwamma. Suka ce ko ƙashi ya daddatse kamar tsakin dawa, in ta ɗora shi, mai shi zai tashi ya yi dambe. Na sayar da gonar gado, na shiga jirgin wani ɗan kasuwa mai suna Barmo.

Ba zan tsawaita a kan teku ba. Mun wuce inda ruwa ya yi garau har muna hango garuruwa a ƙarƙashinsa da ƙofofinsu a buɗe. Mun kuma faɗa cikin wata sarƙaƙiyar ciyawa da ta riƙe jirgin har ruwan shanmu ya kusa ƙarewa. A nan wata ƙatuwar kififiya, mai faɗin fage, ta riƙa zagaya mu. Muka jefa mata igiya a wuya, muka ɗaura kabewa a bakin dogon gora muka rataya gaban hancinta. Ta yi ta bin kabewar tana jan jirgin har ta fitar da mu fili, sannan muka sakar mata kabewar, don ta ci guminta.

Muka sauka a tashar Warwala. Zandara ƙasa ce guda, amma kogi ya raba ta biyu. Sunansa Maijuyi, don da safe gabas yake gudu, in rana ta take tsaka sai ya tsaya cik, ya juya ya nufi yamma. Arewa da shi Tudawa ne, maƙera da masaƙa. Kudu da shi Fadamawa ne, masu bayi da rinji, wato ƙauyen da bayi ke yi wa ubangida noma. Abin da ya haɗa su wata tukunyar tagulla ce a Birnin Jamna, wadda kowane gari ya sa dutsensa a murhunta. Duk kaka a kan yi tuwo a cikinta, wakilan garuruwa su ci tare. Shugabansu kuwa zaɓensa ake yi, ana ce masa Maimuciya.

Warwala garin Fadamawa ne. Akwai kuwa wata doka a Fadama da ban sani ba: baƙon da ba shi da mai tsaya masa, dukiyar gari ne. Barmo ya ce zai tsaya mini, amma iska ta yi masa kyau, ya ɗaga filafilai ya tafi da kayana. Kafin azahar ina tsaye a kasuwa, dillali yana buɗe bakina yana nuna wa mutane haƙorana.

Na ce, "Ni ɗa ne, ba bawa ba. Neman ilimi ya kawo ni wurin Gwamma mai ɗori."

Wani mutum mai ƙiba, sanye da farar riga da ko ƙura ba ta kama ta, ya matso. Sunansa Mijinyawa, yana cikin manyan masu rinji.

Ya ce, "Gwamma kake nema?"

Na ce, "Ita, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Ka yi sa'a. Tawa ce. Zan kai ka har gabanta."

Ya saye ni. A ƙofar rinjinsa maƙeri ya sa mini munduwa a ƙafa, ta wani baƙin ƙarfe da ake haƙa a ƙasar. A tsakiyar kowane rinji akwai turke na irin ƙarfen. Muddin bawa yana kusa da turken ubangidansa, munduwa shiru take. Da zarar ya yi nisa, sai ta fara kuka irin na jariri, tana ƙara ƙarfi da kowane taku. Saboda haka Fadamawa ba su gina katanga. In ubangida zai yi tafiya da bayinsa, sai ya ɓanɓaro ɗan guntun turken ya sa a aljihu.

Abin da ake nomawa a can audugar ruwa ce. A tabki take tsirowa, tufar da aka saƙa da ita ba ta jiƙewa, don haka sarakunan duniya ke rububinta. Masu tsinkarta sukan wuni a ruwa har ƙirji, matsattsaku na shan jininsu, sanyi na cin ƙashinsu har ya yi laushi. Mutum zai yi tuntuɓe ya karye. Nan na gane inda ƙwarewar Gwamma ta samo asali, don inda ake yawan karaya nan ɗori ke nuna.

Na same ta a wata rumfa bakin tabki, doguwar tsohuwa siririya, tana riƙe da ƙaurin wani mutum.

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Wa ya kawo ka?"

Na ce, "Ƙafata ta kawo ni rabin hanya, Iya, igiya ta ƙarasa da ni."

Ta ce, "To riƙe mini nan. Kada ka dubi fuskarsa, ƙashin za ka saurara."

Haka karatuna ya fara. Takan fasa tulu a cikin buhu, ta ɗaure baki, ta ce in mayar da shi yadda yake ta bayan buhun, ido a rufe. Na yi damina guda ina fama da tulu kafin ta bar ni in taɓa mutum ni kaɗai. Ba ta yabo, ba ta zagi. In na yi daidai sai ta miƙo mini wani buhun.

A shekara ta biyu Tudawa suka rinjayi zaɓe, aka naɗa wani ɗan masaƙi mai suna Nomau ya zama Maimuciya. Bai ce zai 'yanta kowa ba. Cewa kawai ya yi, sababbin tabkunan da aka gano a yamma ba za a kafa turke a bakinsu ba. Fadamawa suka ce yau an hana su yamma, gobe za a zo har gida. Manyansu suka tafi Jamna da shanu da sarƙoƙi, suka zare duwatsunsu daga murhu. Na ga ranar da aka jawo dutsen Warwala, an shafa masa lalle, ana kiɗa ana guɗa. Mijinyawa ya hau kansa ya yi wa jama'a jawabi.

Ya ce, "Ba don bayi muka ɓalle ba. Don 'yancinmu ne. Kakanninmu da hannunsu suka sa dutsen nan, da hannunmu muka ɗauke."

Muna tsugune a gefe da jakunkunan magani. Iya ta dubi munduwarta ta ce a hankali, "Ka ji, ɗan nan. Ashe sunanta 'yanci."

Nomau ya aiko cewa tukunya ba ta zama a kan rabin murhu, a mayar da duwatsu. Aka mayar masa da manzo a kan jaki, fuska na duban wutsiya. Kafin ruwa ya sauka an fara harbi a bakin Maijuyi.

Kowane ɓangare ya zaci abin ba zai kai kaka ba. Mata suka fito da tabarmi da fura don kallon karon farko, suka koma a guje ba tabarmi. Mijinyawa ya tara runduna, ya sa guntun turke a aljihu, ya tafi da mu sansani tare da bayi masu ɗaukar kaya. Rumfar Iya ta koma rumfuna. Ƙashin da harsashi ya farfasa ba irin na tabki ba ne, amma hannunta bai yi gardama ba.

Yawancin mayaƙan Fadama ba su da bawa ko ɗaya. Akwai wani masunci, Cindo, da aka kawo mana da karyayyen hannu. Iya ta ɗora, ya warke, ya koma. Aka sake kawo shi da haƙarƙari, ya warke, ya koma. Da aka dawo da shi da cinya, na kasa yin shiru.

Na ce, "Malam Cindo, bayi nawa gare ka?"

Ya ce, "Ko akuya ba ni da ita."

"To me kake karewa?"

 Ya ce, "In aka cire musu munduwa, ni da su wa ya fi wani? Ƙafata ba komai a kanta. Ita kaɗai ce dukiyata."

Da ya yi barci na ce wa Iya, "Duk wanda muka tayar, komawa yake ya ƙara ɗaure mu. Da za ki karkata ƙashin nan kaɗan, da ya huta, mu ma mun huta."

Ta ci gaba da naɗa tsumma. Ta ce, "Mijinyawa ya mallaki ƙafata da bayana da ranakuna. Abin da hannun nan ke yi shi kaɗai bai shiga cinikin ba. Kana so in lalata shi da kaina?"

Ban sake tayar da zancen ba.

Yaƙi ya ci shekara biyu, raunanan fursunoni suka yi wa kowane ɓangare yawa. Aka shirya musaya a wani mashigi da ke nesa da sansani, za a haye da raunanan Tudawa a kan gadon kara, irin wanda ake tuƙawa a kan ruwa, a karɓo na Fadama. A rumfarmu akwai Tudawa da yawa, wasu sun mutu a makon, ba wanda ya damu ya tambaya. Wani dattijo cikinsu, wanda Iya ta ceto masa ƙafa, ya kira ta ya ce, "Uwa, rigunan matattunmu suna nan, gurabensu ma suna nan."

Iya ta ce, "Munduwa fa?"

Ya ce, "Wannan kuma ke kika san ta."

 Washegari Iya ta aike ni in roƙo kakin zuma wurin masu dafa abinci, wai za ta yi magani. Ta narka shi, ta cika cikin munduwata da shi, ta naɗe da audugar ruwa, ta jera kara ta ɗaure kamar karayar ƙauri. Ta yi wa masu ɗaukar kaya da suka amince haka, ni kuma na yi mata nata. Muka sa shuɗɗan rigunan Tudawa, muka naɗe fuskokinmu kamar waɗanda albarushi ya ƙona. Da hantsi aka loda mu a amalanke tare da sauran.

Da muka yi nisa da sansani na ji munduwar ta farka. Ba ta fitar da sauti ba, sai dai karkarwa da ke bin ƙashina har haƙori. Muka isa mashigi lafiya. Amma manyan ɓangarorin biyu suka tsaya gardama a kan wanda zai fara hayewa, rana kuwa tana ta hawa. Kaki ba ya jure rana. Na ji ɗumi yana gangarowa a diddigena, sannan wani siririn kuka ya fito daga ƙafar mutumin da ke kusa da ni.

Dattijon nan ya ji. Sai ya buɗe baki ya kama kururuwa yana kiran uwarsa, kamar wanda ake yanka. Na kusa da shi ya karɓa. Kafin ka ce kwabo duk amalanken sun kaure da ihu da nishi, mutanen da suka jure zafin ɗori ba su yi tari ba. Masu gadi suka toshe kunne suna zagin ragwancin Tudawa, suka ce a yi maza a kwashe su.

Mai duba mutane a bakin gadon kara Cindo ne, yana ɗingishi da mashi a hannu. Ya zo kaina, ya dubi ɗaurin ƙafata, ya sa yatsa ya taɓa ƙullin. Ya wuce kan Iya, ya sunkuya har kunnensa ya kusa taɓa karan.

Ya ce ƙasa-ƙasa, "Na san ƙullin nan. Irinsa aka ɗaura a cinyata."



Ya miƙe ya ce wa masu tuƙi, "Ku kwashe su, sun cika mana kunne."

Muna tsakiyar kogi kakin ya ƙarasa narkewa, munduwoyi suka saki kuka gaba ɗaya, wanda ihun mutum ba ya rufewa. Fadamawa suka gane, suka faɗa kwalekwale suka biyo mu, suna yanko ruwa ta sama don ruwan da ke gudu gabas ya kawo su kanmu. A daidai nan rana ta take tsaka. Maijuyi ya tsaya cik, ya juya. Mu mun riga mun kama gaɓa da gora, su kuwa ruwa ya kwashe su ya yi yamma da su. An ce mini an kashe Cindo a wani karo bayan wannan. Ban san ko an taɓa gane abin da ya yi ba.

Shugaban rundunar Tudu a wannan gaɓa shi ne Madawaki Dikko, gajere mai furfura, mai ciwon ciki da ba ya barinsa ya yi fara'a. Bai yi murna da ganinmu ba.

Ya ce, "Ni tukunya aka aiko ni in tsayar. Ba a aiko ni satar bayin mutane ba."

Kwana kaɗan sai ga manzon Mijinyawa da farar tuta, ya ce dokar Zandara ta wajabta a mayar wa mutum dukiyarsa in ta ɓata. Madawaki ya sa aka tsayar da mu a rana, ya saurare shi har ya gama.

Ya ce, "Wace Zandara? Ba kun ɗauke dutsenku ba?"

Manzo ya ce, "Mun ɗauke, Allah ya ba ka nasara."

"To dokar ta bi dutsen. Kun ce waɗannan dukiya ne. Na yarda. Dukiyar abokin gaba kuwa in ta faɗo hannu, ganima ce."

Haka muka tashi daga bayi muka koma ganima. Na je na faɗa masa ni baƙo ne, ɗa. Ya sa maƙeri ya yanke mini munduwa, ya ce in kama gabana. Na dubi Iya, na tuna ban ƙware a ɗorin ƙugu ba tukuna, na zauna.

Labarin ganima ya bazu a Fadama. Bayi suka riƙa tsallako Maijuyi, wasu a kan ƙwarya, wasu a bayan saniya, wasu ruwa ya ci su. Suka yi sansani kusa da na soja, kowace ƙafa tana kuka ba dare ba rana. Ba a ba da iznin yanke musu ba, don manya a Jamna suna tsoron ɓata wa masu rinjin da ba su ɓalle ba. Sojoji suka kasa barci, dawaki suka ƙi cin harawa. Madawaki ya gaji ya tara maƙera ya ce a yanke duka, in Jamna ta tambaya a ce don barcin soja ne. Ranar da aka gama, shirun da ya sauka ya sa yara da yawa kuka, don ba su saba da shi ba.

Sai a shekara ta uku Nomau ya sa aka yi shela cewa duk mai munduwa a garuruwan da suka ɓalle ya zama ɗa. Wasu Tudawa suka jefar da bindiga suka tafi gida, suka ce ba don wannan suka fito ba. Waɗanda aka 'yanta suka ɗauki bindigogin. Da farko rami kawai ake sa su haƙa, sai da mutuwa ta rage mutane aka tura su gaba.

A lokacin Mijinyawa ya shige cikin dajin iwa, doguwar ciyawar nan ta ruwa, da rundunarsa, yana fitowa ya yi ɓarna ya koma, an rasa inda yake. Tsofaffin munduwoyi kuwa an zuba su a wani rami nesa da sansani, suna ta kukansu. Wata rana Madawaki ya zo rumfa a duba masa kafaɗa, yana ƙorafi. Iya tana murza kafaɗar ta ce, "Tawa tana cikin ramin can. Na ɗaura mata jan zare."

Ya ce, "Me zan yi da ita, Uwa?"

Ta ce, "Ba ta yin shiru sai ta ji ubangidanta kusa."

Ya juyo ya dube ta. Washegari aka rataya munduwar a gaban kwalekwale, runduna ta bi ta cikin iwa. In kuka ya ƙaru su juya, in ya ragu su ci gaba. Da ta yi tsit, suka kewaye wurin. Mijinyawa ya miƙa wuya da guntun turken a aljihunsa, bai san shi ya tona shi ba. Sauran rundunonin Tudu suka ɗauki dabarar, daga nan Fadamawa ba su ƙara samun maɓoya ba.

Duk da haka yaƙi ya ƙara shekara. Aka ƙone Warwala, aka fasa madatsun tabkuna, aka ci dawaki. Ni da Iya muna bin runduna, muna ɗora Batude da Bafadame a tabarma ɗaya, har na daina duba launin riga. Da Fadama ta faɗi, aka ja duwatsu aka mayar Jamna, aka yi tuwo a tukunyar. A wurin cin tuwon wani ɗan masu rinji ya matso kamar zai gaida Nomau, ya soke shi da wuƙa mai dafi. Wanda ya gaje shi ya ce a yafe wa juna. Aka tumɓuke turaku, amma tabkuna suka koma hannun masu su. Na ga Mijinyawa a bakin nasa, ya rame, yana ɗaukar mutanensa na da aiki a kan rabon amfani, su kuma suna shiga ruwa har ƙirji, don ciki ba ya cin shela. Ya aika a kira Iya, wai zai gina mata ɗaki.

Ta ce wa ɗan aiken, "Ka ce masa ina da tafiya."

Da ya fita na ce, "Ina za mu, Iya?"

Ta ce, "Ina da 'ya."

Shekara shida muna tare, ban taɓa jin wannan ba. Ta ce an ɗauke yarinyar tana fara wayo, aka haɗa ta da wasu aka sayar wa masu rinjin yamma, a shekarar da Mijinyawa ya yi sabon gida. Ba ta taɓa faɗa ba, don a lokacin faɗar ba za ta kai ta ko'ina ba.

Muka kama hanya. Hanyoyin Zandara a wannan shekara cike suke da masu irin tafiyarmu. A kowace kasuwa akan ware gindin wata bishiya, mutane su taru, kowa ya miƙe ya faɗi wanda yake nema, da rinjin da aka raba su, da kamanninsa. Wahalar ita ce duk wanda aka sayar, sabon ubangida kan canza masa suna, yaro kuma ya girma ya bar kamanninsa. Iya ba ta taɓa miƙewa ta yi kira ba. Takan shimfiɗa tabarma a gefe ta ce mai targaɗe ko tsohuwar karaya ya zo, kyauta. In mace ce mai kimanin shekarun da take nema, bayan ta gama sai ta ce, "Kawo hannun hagu in gani." Ta bi shi da yatsa daga gwiwa zuwa wuyan hannu, ta saki, ta ce Allah ya sawwaƙe.

Rani ya wuce, damina ta wuce. A wani ƙauyen yamma mai suna Tungar Gishiri, wata mata mai sayar da busasshen kifi ta kawo ɗanta da ya faɗo daga kan katanga. Ana kiranta Nasamu. Ba ta da fara'a, tana magana da karin harshen yamma. Ni na ɗora yaron, Iya tana kallo. Da matar ta sunkuya za ta goya shi, Iya ta kama hannunta na hagu. Ta bi shi da yatsa, ta tsaya a wani wuri sama da wuyan hannu. Ta rufe ido. Ta daɗe ba ta saki ba.

Ta ce, "Nan ya taɓa karyewa."

Matar ta ce, "Haka aka ce. Ban tuna ba."

"Daga kan turmi kika faɗo, kina leƙen tsuntsu. A karkace ya karye. Ɗorina na farko ke nan, ban iya ba tukuna, shi ya sa ya bar ƙulli. Ban sake barin ƙulli a ƙashin kowa ba."

Matar ta janye hannunta a hankali. Ta dubi Iya daga kai har zuwa tabon da ke ƙafarta. Ba ta yi kuka ba, ba ta matso ba.

Ta ce, "A rinjinmu an ce mana iyayenmu ne suka ba da mu, don a rage musu aiki."

Iya ta ce, "An ɗaure ni a turke kwana da kwanaki kafin a iya fitar da ke."

Mutane sun fara taruwa. Matar ta gyara goyonta, ta ɗauki tiren kifinta, ta yi taku kaɗan kamar za ta tafi. Sai ta tsaya, ba ta juyo ba.

Ta ce, "Da wane suna kike kirana?"

Iya ta ce, "Yalwa."

Matar ta maimaita shi sau ɗaya a hankali, kamar mai ɗanɗana miyar da ba ta sani ba. Sannan ta sauke tiren, ta miƙa wa Iya, ta ce, "Riƙe mini, Inna. Gidan da ɗan nisa, yaron kuma ya yi nauyi."

Na bi su a baya da tabarma. Na kwana biyu a ƙauyen, na ga an share wa Iya ɗaki, na ga jikanta ya fara yi mata ƙiriniya. Da na je sallama na durƙusa na ce ko akwai abin da ya rage ban koya ba. Ta kama hannuwana biyu ta juya su, ta ce babu buhun da ya rage, in tafi.

Na sami jirgi na dawo gida da furfura, ba dukiya, sai abin da ke cikin yatsuna. Iyakar abin da na gani a Zandara ke nan. In na rage, tsufa ne. In na ƙara, Allah ya yafe. Wanda ya kai mu ya dawo da mu, Shi ya san sauran.